Baƙin Mai da Kula da Injin Mota Mai Fesa Fetur Kai Tsaye

Gabatarwa

A shekarar 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, a cikin wannan shekara kuma aka soma harhaɗa Volkswagen a Ikko. Da waɗannan motoci, musamman Peugeot 504, ɗimbin direbobi da makanikai na ƙasar nan suka koyi sana'arsu. Injunan wancan zamani masu kafireta ne, masu haƙuri, suna karɓar baƙin mai mai kauri ba tare da sun nuna wani laifi ba. Daga nan al'ada ta kafu, watau duk motar da ta zo juye a zuba mata 20W-50 ko SAE 40, a ce zafin ƙasarmu mai kauri yake so.

Motocin da ke shigowa Nijeriya yanzu, sababbi da na hannu, da yawansu ƙirar injinsu dabam ce. A cikinsu akwai masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Irin wannan inji yana da ƙarfi, yana kuma tattalin fetur, amma man da bai dace da shi ba yana lalata shi a hankali, gyaransa kuwa da tsada. An shirya wannan ɗan littafi domin masu motoci da direbobi da makanikai su san irin man da za a zuba masa, da lokacin da za a canja shi, da kuma kulawar da yake bukata.

Yadda wannan inji ya bambanta da na da

Kowane injin fetur yana bukatar iska da fetur su haɗu, sa'an nan fulogi ya ba da tartsatsi su kama wuta su tura fistin. Bambancin injuna yana ga wurin da ake haɗa su. A injin kafireta, da kuma injin da nozul ɗinsa ke fesa fetur a bututun iska, fetur yana bin hanya ɗaya da iska, ya wuce ta kan bawul ɗin shigar iska kafin ya faɗa silinda. A injin fesa kai tsaye kuwa iska ce kaɗai ke bi ta bawul. Bakin nozul yana cikin silindar kanta, a nan yake fesa fetur kamar hazo.

Domin fetur ya iya kutsawa cikin iskar da fistin ya matse, tilas a tura shi da ƙarfi ƙwarai. Nozul na bututun iska yana aiki da matsin bar 3 zuwa 4. Na fesa kai tsaye yakan kai bar 200, sababbin ƙira har 350. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar 2 da rabi ba. Wani famfo na musamman da ke kan inji shi ke ba da wannan matsi, kuma baƙin man inji ne ke shafa wurin da yake gogayya.

Dabarar ta daɗe. Mercedes-Benz 300 SL ta 1954 tana da ita. Mitsubishi ya fito da ita a motocin talakawa a 1996, kwamfuta tana sarrafa ta, daga nan sauran kamfanoni suka bi. Ana gane irin wannan inji da haruffan da ke kan murfinsa ko a bayan mota: GDI a Hyundai da Kia da Mitsubishi, FSI ko TSI ko TFSI a Volkswagen da Audi, CGI a Mercedes-Benz, EcoBoost a Ford, Skyactiv-G a Mazda, THP a Peugeot, D-4 a Toyota. Lexus IS 250 da Honda Accord mai silinda huɗu daga ƙirar 2013 suna cikinsu, ko da yake ba a rubuta musu a jiki ba. Wata alama kuma ita ce ƙarar kas-kas-kas da ake ji daga saman inji sa'ad da mota take tsaye a kunne. Wannan ƙarar famfo ce da nozul, ba ciwo ba ne.

Abubuwa huɗu da ke damun wannan inji

Na farko, kunkunniya a bayan bawul. Kowane inji yana da bututun numfashi wanda ke kwashe tururin mai daga ƙasan inji ya mai da shi hanyar iska domin a ƙone shi. Wannan tururi yana sauka a bayan bawul mai zafi, ya soye, ya zama baƙar dauɗa mai tauri. A injunan da, fetur ɗin da ke wucewa yana wanke ta kullum. A nan kuwa babu fetur a wannan hanya, saboda haka dauɗar tana taruwa shekara da shekaru har ta rage wa inji numfashi. Sai mota ta riƙa karkarwa da safe, ƙarfinta ya ragu, shan fetur ya ƙaru. Toyota ya haɗa nozul iri biyu a inji ɗaya, wanda ya kira D-4S, kamar na Camry ƙirar 2018, inda na bututun iska yake wanke bawul.

Na biyu, fetur yana gauraya da baƙin mai. Sa'ad da inji yake da sanyi, wani ɓangare na fetur ɗin da aka fesa yana sauka a jikin silinda bai ƙone ba, ya sulale ta gefen ringi ya faɗa cikin mai. Mai ya tsinke, ya kasa raba ƙarfe da ƙarfe. In inji ya yi zafi sosai na ɗan lokaci mai tsawo, yawancin fetur ɗin yakan ƙafe. Motar da aikinta kai yara makaranta da zuwa kasuwa kusa da gida ba ta samun wannan dama.

Na uku, toka mai laushi a cikin mai. Fetur ɗin da aka fesa kai tsaye ba ya samun isasshen lokacin gauraya da iska, saboda haka yana barin ƙananan ƙwayoyin baƙar toka. Waɗansu suna shiga mai, su riƙa cin gaɓoɓin sarƙar da ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin. In sarƙar ta saki sai a ji kwaramniya idan an tada mota, in kuwa ta tsallake haƙori fistin yana iya karo da bawul.

Na huɗu, wanda ya fi haɗari, shi ne kamawar wuta kafin lokaci. Ya fi aukuwa a ƙananan injuna masu turbo, sa'ad da inji ke juyawa a hankali direba kuma ya taka totur da ƙarfi, kamar a hawan tudu da babban giya. Ɗigon mai gauraye da fetur, ko ɓarɓashin kunkunniya mai zafi, yakan kunna wuta tun fulogi bai ba da tartsatsi ba, alhali fistin yana kan hawa. Bugu ɗaya irin wannan yana iya tsaga fistin ko ya karya ringi. Bincike ya nuna cewa yawan sinadarin kalsiyam, wanda ake sa wa mai domin ya wanke inji, yana ƙara aukuwar wannan abu. Masu haɗa mai suka rage shi, suka maye gurbin wani kaso da maganiziyam.

Abubuwan nan huɗu duka suna da alaƙa da baƙin mai. Shi ya sa zaɓensa ya zama babban al'amari.

Alama ta farko a jikin galan: kauri

A jikin kowane galan na man kirki akwai alamomi biyu da za a duba. Ta farko ita ce lambar kauri ta SAE, kamar 0W-20, 5W-30, 5W-40 ko 20W-50. Lambar da ke gaban harafin W tana nuna yadda mai ke gudana sa'ad da yake da sanyi. Ƙaramar lamba, saurin gudana. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa a zafin digiri 100 na ma'aunin santigirad.

Mutane da yawa suna cewa mai mara kauri na ƙasashen ƙanƙara ne, zafin Sakkwato ko Maiduguri, wanda kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, zai mai da shi ruwa. Amma inji mai lafiya ruwan lagireto ne ke tsare zafinsa, a wajen digiri 90, ko a Jos yake ko a Nguru. Kuma an ƙera sababbin injuna da matsattsun hanyoyin mai. Na'urar da ke canja lokacin buɗewar bawul da matsin mai take aiki. Turbo yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya a kan ɗan siririn shimfiɗar mai. Mai mai kauri ainun yana jinkirin isa waɗannan wurare idan an tada mota, kuma a wannan ɗan lokaci ne ƙarafa suka fi cin juna.

Hanya mafi aminci ita ce a bi abin da kamfanin motar ya faɗa. Yana cikin littafin mota, sau da yawa kuma an rubuta shi a kan murfin da ake zuba mai. Waɗansu littattafai suna da jadawalin da ya yarda a ƙara kauri kaɗan a ƙasashe masu zafi, misali 5W-30 ko 5W-40. Za a iya zaɓa daga cikin jadawalin, amma kada a fita daga cikinsa. Wanda ya sayi motar hannu babu littafi yana iya samun littafin a intanet ta wurin sunan motar da shekarar ƙirarta da girman injinta.

Alama ta biyu: daraja

Kauri kaɗai bai isa ba. Galan biyu suna iya zama 5W-30 dukansu, amma sinadaran da ke cikinsu sun bambanta nesa. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, ita ce ke ba da darajar da aka fi gani a kasuwannin Nijeriya. Harafin S na injin fetur ne, harafin C na injin dizal. Harafi na biyu yana gaba kamar yadda zamani ke gaba: SF ta fito a 1980, SL a 2001, SM a 2004, SN a 2010. A 2018 aka ƙaro SN PLUS musamman domin kamawar wuta kafin lokaci. A watan Mayu na 2020 aka fito da SP, wadda ta haɗa gwajin wannan matsala da gwajin cinyewar sarƙa. A 2025 kuma SQ ta biyo baya, inda ake gwada man har bayan ya yi aiki ya tsufa.

Saboda haka injin fesa kai tsaye, balle mai turbo, man da ya dace da shi shi ne mai alamar SP ko SQ, ko aƙalla SN PLUS. Sabuwar daraja tana ɗaukar nauyin tsohuwa, watau motar da littafinta ya ce SM ko SN za ta karɓi SP lafiya lau. Tsohuwar daraja kuwa ba ta isa ta tsaya a matsayin sabuwa ba. Man SF ko SL, komai kyawun galan ɗinsa, ba a yi shi domin wannan inji ba.

Motocin Turai suna da nasu ƙa'idodi. Littafinsu yakan nemi alamar ACEA, ko lambar kamfanin kansa, kamar VW 502 00 ko 504 00 ga Volkswagen da Audi, da MB 229.5 ga Mercedes-Benz. Motocin General Motors, irin su Chevrolet, alamar dexos1 suke nema. In littafi ya ambaci irin wannan lamba, lalle ne a ga ta a rubuce a jikin galan kafin a biya kuɗi.

Man da ake kira sintetik ya fi wanda aka tace kawai daga ɗanyen mai jure zafi, bai cika ƙafewa ba. Ƙarancin ƙafewa yana rage tururin da ke bi ta bututun numfashi zuwa bawul. Yawancin mai masu lamba 0W-20 da 5W-30 na darajar SP dama sintetik ne ko gaurayensa. Man da ya cika waɗannan ƙa'idodi yana ɗauke da dukan sinadaran da inji ke so. Babu bukatar a ƙara masa wani ruwa mai kauri na gwangwani, gama wannan yana ɓata ma'aunin da aka haɗa shi a kai.

Hattara da jabu

Tsadar man kirki ta buɗe ƙofa ga maha'inta. Waɗansu suna tattara galan-galan da aka yi amfani da su, su ɗura musu mai mara daraja ko tsohon mai da aka tace, su liƙe. Araha ba ta ado. Wanda ya ga galan ya gaza farashin kasuwa da yawa, ya kamata ya yi shakka. A sayi mai a gidan mai sananne ko wurin dillalin da kamfani ya yarda da shi, a karɓi rasit. A duba hatimin murfi, da lambar rukuni, da ranar da aka yi shi, a ga ko rubutun ya fita sosai. Man da aka haɗa a cikin gida ya kamata ya ɗauki tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki. Man da ake awo da kwalba daga buɗaɗɗen duro a bakin titi ba a san darajarsa ba, ƙura kuma tana shigarsa. Mai mota ya tsaya a buɗe galan a gabansa, bayan juye kuma a huda galan ɗin domin kada ya koma kasuwa. Wanda ya gamu da jabu ya kai rahoto ofishin SON mafi kusa, ko hukumar NMDPRA wadda aka kafa a ƙarƙashin dokar man fetur ta 2021.

Lokacin juye

A jikin waɗansu galan an rubuta cewa man zai kai kilomita 15,000 ko fiye. Wannan lissafi na hanyoyi ne marasa ƙura da doguwar tafiya ba tsayawa. Littattafan motoci suna da jadawali na biyu domin aiki mai tsanani, watau tuƙi cikin ƙura, da zafi mai yawa, da gajerun tafiye-tafiye, da daɗewar inji a kunne cikin cunkoso. Wanda ya san ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Maris, da cunkoson Ikko ko Kano ko hanyar Nyanya, ya san cewa yawancin motocin ƙasar nan a wannan jadawali suke. A littattafai da dama wa'adinsa yana wajen kilomita 5,000 zuwa 8,000, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Motar da ba ta tafiya da yawa ita ma tilas a yi mata juye in wata shida ya cika.

Abin lura: motocin da aka shigo da su daga Amurka mil suke ƙirgawa. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, watau kilomita 5,000 wajen mil 3,100 ke nan. Wanda ya jira agogon motarsa ya ƙara 5,000 ya riga ya yi tafiyar kilomita 8,000.

Kowane juye a canja filtar mai tare da shi. A rubuta rana da lambar kilomita da irin man da aka zuba a wani ɗan littafi da za a ajiye cikin mota. Wannan yana amfani ranar gyara, yana kuma ƙara wa mota daraja ranar sayarwa.

Ko wane mako a duba mai da sandan awo. Mota ta tsaya a wuri mai daidai, a kashe inji a jira minti biyar zuwa goma. Mai ya kasance tsakanin alamomi biyu. Cika shi fiye da alama ta sama yana ƙara tururin da ke zuwa bawul. Baƙin launi kaɗai ba laifi ba ne, gama man wannan inji yana saurin yin baƙi. Abin tsoro shi ne a ga mai yana hawa sama da kansa yana warin fetur, ko ya koma launin shayi da madara, wanda ke nuna ruwa ya shiga.

Sauran kulawa

1. Kada a cire tamostat, kada kuma a haɗa fanka ta riƙa juyawa kai tsaye. Wannan al'ada ta yaɗu a garejinmu, amma tana hana inji kai zafin aikinsa. Kwamfutar mota sai ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta riƙa ƙara fetur, fetur ɗin kuma ya gangara cikin mai.

2. Ba a bukatar barin mota a kunne minti goma da safe. Bayan rabin minti ko ɗaya a tashi a hankali, inji ya fi saurin ɗumama a kan tafiya.

3. Motar da ke gajerun zirga-zirga a cikin gari a riƙa fita da ita babbar hanya lokaci lokaci, tafiyar rabin sa'a ko fiye, domin fetur da ruwan da suka taru a mai su ƙafe.

4. A mota mai giyar hannu, kada a danne totur da babban giya alhali inji yana nishi. A sauko giya tukuna. Mota mai turbo kuma, in ta sha gudu, a bar ta minti ɗaya ko biyu kafin a kashe.

5. A duba filtar iska sau da yawa lokacin hunturu. In ta toshe a canja ta. Hura ta da iska mai ƙarfi yana yaga takardarta, ƙura ta wuce cikin inji.

6. A sayi fetur a gidan mai amintacce. Ramukan bakin nozul ƙanana ne ƙwarai, famfonsa kuma ba ya jure ruwa ko yashi. Jama'a ba su manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ba, wanda ya lalata motoci. Fetur ɗin 'yan bumburutu na cikin jarka haɗarinsa ya fi yawa. Kada kuma a saba tuƙi tanki yana dab da ƙarewa.

7. A sa fulogi irin wanda littafi ya ambata, a canja shi a kan lokaci.

In kunkunniya ta riga ta taru

Man kirki da juye a kan kari suna jinkirta taruwar dauɗa a bawul, amma ba su hana ta ɗungum. Maganin wanke inji da ake zubawa a tankin fetur yana iya wanke nozul, amma ba ya isa bayan bawul, tun da fetur ba ya bi ta can. In dauɗar ta yi yawa sai an kwance bututun iska an kankare ta. Gareji masu kayan aiki suna fesa mata niƙaƙƙen ɓawon 'ya'yan itacen walnut, wanda ke ɓamɓare ta ba tare da ya ci ƙarfe ba.

Mai mota ya nemi makaniken da ke da na'urar binciken kwamfutar mota idan ya ga fitilar inji ta kama, ko mota tana karkarwa, ko ya ji kwaramniyar sarƙa ko ƙwanƙwasa mai ƙarfi a hawan tudu. In fitilar tana ƙyaftawa, ya rage gudu ya nemi wurin tsayawa. Makanikai kuma su sani cewa bututun fetur na wannan inji yana riƙe da matsi ko bayan an kashe mota, fetur ɗin yana iya huda fata ko ya kama wuta. A sauke matsin kafin a kwance komai, in an ciro nozul kuma a sa masa sabuwar roba.

Tsohon mai

Man da aka juye yana ɗauke da guba. Kada a zuba shi a kwata ko rijiya ko gona, kada a shafa wa dabba ko mutum da sunan magani. A tara shi a rufaffen mazubi a miƙa wa masu karɓarsa domin sake sarrafawa, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi.

Kammalawa

Mota dukiya ce, sau da yawa kuma ita ce hanyar abincin iyali gaba ɗaya. Kuɗin galan ɗaya na man da ya dace, komai tsadarsa, bai kai kusa da kuɗin fistin da sarƙa da turbo ba, balle sayen wani inji. Mai mota ya san irin injin da yake da shi, ya duba kauri da daraja a jikin galan, ya saya inda aka amince, ya yi juye kafin wa'adi ya wuce. Wanda ya karanta wannan bayani ya isar da shi ga direbansa da makanikensa da abokan sana'arsa a tasha. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya.